Shekara 100 da saukar jirgin sama a Kano: Labarin da har yanzu yake jiran masu shirya fim

Ranar Lahadi 1 ga Nuwamban 1925, wasu jiragen sama guda uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka sauka a filin dawakai da ke wajen ganuwar Kano. Daga wannan rana ce ake fara lissafin tarihin sufurin jiragen sama a Najeriya, kuma a Nuwamban 2025 lamarin ya cika shekara 100.

A ƙasashe irin su Amurka da Faransa da Birazil, irin wannan rana ta daɗe da zama fim da shiri mai dogon zango, har yaran makaranta sun haddace sunayen mutanen da suka yi ta. A Kano kuwa, mai kallon tashoshin Hausa zai daɗe yana danna rimot kafin ya ci karo da labarin.

Ba rashin masu sana'ar ba ne. Duk wanda ya tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ya bi ta gadar Dangi ya shiga Titin Gidan Zoo, zai ga ofisoshin furodusoshi da ɗakunan tace fim da na ɗaukar sauti, inda ake haɗa finafinan da ake kallo daga Agadas har Kumasi. Birnin da jirgi ya fara sauka shi ne kuma cibiyar fim ɗin Hausa, amma har yau abubuwan biyu ba su haɗu yadda ya kamata ba.

Yadda jiragen suka iso

Jagoran tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham, wanda aka haifa a Ostireliya a 1895, ya tashi a New Zealand, ya kuma yi yaƙin duniya na farko yana matuƙin jirgi. Shi da abokan tafiyarsa sun tashi daga sansanin Helwan da ke kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka bi kogin Nilu zuwa Khartum, sannan suka juya yamma ta El Obeid da El Fasher da Abeche da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka shigo ta ɓangaren Maiduguri. Daga Kano suka ƙarasa Kaduna, kafin su juya su koma Masar ranar 19 ga Nuwamba.

Jiragen samfurin DH.9A ne, masu fukafukai hawa biyu, waɗanda aka haɗa da katako da waya aka lulluɓe da ƙyalle. Kowanne mutum biyu yake ɗauka, kuma wurin zaman a buɗe yake, ba rufi, iska da ƙura na dukan fuska. Babu na'urar da ke nuna hanya irin ta yau. Taswira ce da kamfas da kuma ido, a yankin da taswirar ma ba ta cika daidai ba.

A lokacin Sarkin Kano Usman ne ke kan gado, shekara guda kafin Abdullahi Bayero ya gaje shi. Shekara 22 ke nan da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, kuma a Disambar wannan shekara ta 1903 ne 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirginsu a Amurka na tsawon daƙiƙa 12. Ma'ana, akwai dattawan Kano da suka ga shigowar Nasara da bindiga mai ruwa, suka ga isowar jirgin ƙasa a 1911, sannan suka ɗaga kai suka ga ƙarfe da katako na shawagi a kan Dala.

Tafiyar ba ta yawon buɗe ido ba ce. Jiragen na yaƙi ne, irin waɗanda Birtaniya ke amfani da su a lokacin wajen jefa bama-bamai kan al'ummomin da suka bijire mata a Iraƙi. Manufar ita ce a gwada ko za a iya haɗa Masar da Afirka ta Yamma ta sama, a kuma nuna wa talakawa da sarakuna, har ma da Faransawan da ke maƙwabtaka, irin ƙarfin da mai mulki yake da shi.

Hanyar alhazai ce ta koma hanyar jirgi

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, hanyar da Coningham ya bi ba sabuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce hanyar da maniyyata suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi a ƙafa da kan jaki da raƙumi, daga Kano zuwa Borno, zuwa Wadai da Darfur, har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara guzuri ya ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, kuma zuriyarsu ce ke zaune a garuruwa irin su Mai Wurno a Sudan har yau. Nisan da ya ci wa alhazai shekaru, jiragen sun ƙare shi cikin kwana shida.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano, daga baya a shekarar aka miƙa hanyar zuwa Legas. Daga nan ne filin jirgin Kano, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ya fara aiki sosai.

Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wa hanyar daraja. Da tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana, a haɗa su a can, su tashi rukuni-rukuni ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy zuwa Khartum da Alƙahira. An fara a Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Wanda ya riƙa karɓar da yawa daga cikinsu a fagen daga na Arewacin Afirka shi ne dai Coningham, wanda a 1941 aka ba shi jagorancin sojin saman Birtaniya a hamadar Masar da Libiya. Ƙarshensa ma kamar a fim: a Janairun 1948 jirgin fasinja mai suna Star Tiger da yake ciki ya ɓace a tekun Atilantika kafin ya isa tsibirin Bamuda, ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.

Bayan yaƙi Kano ta zama zango ga manyan jiragen da ke tsallaka Sahara. Kamfanin KLM na Holan ya fara sauka a 1947 a kan hanyarsa ta zuwa Afirka ta Kudu, haka BOAC na Birtaniya da Sabena na Beljiyam. Hotunan wancan zamani sun nuna wani mutum a kan raƙumi yana busa kakaki a filin jirgin idan jirgi zai sauka. A shekarun ne kuma 'yan kasuwar Kano irin su Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Mahmud Ɗantata suka shiga harkar jigilar alhazai, aikin Hajji ya tashi daga tafiyar shekaru ya koma ta makonni.

Da aka ƙera jiragen da ke iya tashi daga Turai zuwa Legas ko Johannesburg ba tare da shan mai a hanya ba, sai zangon ya fara ja da baya. KLM ya daina zuwa Kano a 2012, bayan shekara 65.

Yadda wasu suka mayar da nasu jarumai

Mutanen da suka fara tashi sama sun daɗe da zama abincin talabijin a ƙasashen waje. A Faransa an nuna shirin Les Faucheurs de marguerites a 1974, kan mutanen da suka fara ƙera jirage a ƙasar. BBC ta yi Wings a 1977 kan matuƙan yaƙin duniya na farko. A Amurka tashar NBC ta nuna fim kan Amelia Earhart a 1976, sannan The Winds of Kitty Hawk kan 'yan'uwan Wright a 1978. A 1995 HBO ta fitar da The Tuskegee Airmen, labarin baƙaƙen fatar Amurka da suka tuƙa jiragen yaƙi a lokacin da ake nuna musu wariya, inda Laurence Fishburne ya fito.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin allo shi ne na Birazil. A can, idan aka tambayi yaro wa ya ƙirƙiro jirgin sama, zai ce Alberto Santos-Dumont, wanda ya tashi da jirginsa 14-bis a gaban jama'a a birnin Paris a 1906. Hujjar 'yan Birazil ita ce nasa tashin an yi shi a bainar jama'a, da tayoyin jirgin kansa, alhali na 'yan'uwan Wright mutane ƙalilan ne suka gani. Mafi yawan masana tarihi sun ba 'yan'uwan Wright fifiko, amma hakan bai hana Birazil nuna kwaikwayon 14-bis yana shawagi a bikin buɗe gasar Olamfik ta Rio a 2016 ba, kuma a 2019 HBO ta yi masa shiri mai kashi shida.

Darasin a fili yake. Abin da aka nuna wa mutane a allo shi ne yake zama tarihi a ƙwaƙwalwarsu, ko da littattafai sun faɗi wani abu dabam. Kowace ƙasa kuma nata take ɗagawa.

Irin waɗannan shirye-shirye suna da nasu aibin. Sun fi son jarumi guda ɗaya, matuƙi mai tabarau da rigar fata, su manta da makanikai da masu ɗinkin fukafuki da masu ɗaukar mai. A Yunin 1937 Amelia Earhart ta ratsa sararin ƙasar Nijar a kan hanyarta daga Gao zuwa Fort Lamy, makonni kaɗan kafin ta ɓace a tekun Pasifik. A labarinta da aka saba bayarwa, Afirka wuri ne kawai da aka wuce ta kansa.

Haka abin yake a faifan labaran da Turawa suka ɗauka a zamanin mulkin mallaka, waɗanda wasu ke yawo a YouTube da Facebook a yau. Ana kiran Bature da sunansa da muƙaminsa. Mutanen gari kuwa taro ne kawai: masu kallo, masu dawaki, masu kakaki.

Waɗanda ba a kira sunansu ba

Filin saukar jirgi ba ya share kansa. Kafin jirgi ya sauka a ko'ina a kan wannan hanya, sai an sare itatuwa, an tone kututture, an rushe suri, an daidaita ƙasa, an kuma riga an kai man da zai sha. A tsarin En'e, irin wannan aiki ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni yake bi, talakawa ne ke fitowa da gatari da fartanya. Idan za a yi maganar waɗanda suka share fagen sufurin sama a Arewa, to da su a ciki, a zahirin ma'anar kalmar.

Bayansu akwai 'yan ƙasa da suka hau kujerar tuƙi. Kyaftin Robert Hayes ne ake lissafawa a matsayin ɗan Najeriya na farko da ya samu lasisin tuƙin jirgin fasinja, a 1955. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, inda Chinyere Kalu ta yi karatu ta zama mace ta farko 'yar Najeriya mai tuƙa jirgin kasuwanci, daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. Akwai Kyaftin Hadiza Lantana Oboh ta kamfanin Nigeria Airways, wadda ta kai matsayin kyaftin a aikin da maza suka mamaye, aka kuma yi mata kisan gilla a gidanta da ke Legas a 1998.

A ɓangaren kasuwanci akwai Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, wanda ya kafa Kabo Air a 1980, lokacin da jirgin gwamnati ne ke riƙe da kusan komai. Shi ya buɗe ƙofar da kamfanoni irin su Max Air da Azman suka biyo daga baya.

Akwai kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 kafofin labaran duniya suka ba da labarin jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin mota ƙirar Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota da tarkacen ƙarafa. Bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, amma jirgin 'yan'uwan Wright ma ƙafa 120 kacal ya yi a tashinsa na farko.

Idan aka leƙa waje, akwai Ahmet Ali Çelikten na Daular Usmaniyya, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko a duniya da suka tuƙa jirgin soja, wanda tarihin da ake bayarwa a Turkiyya ya nuna cewa an kai kakarsa can ne a matsayin baiwa daga Borno.

Labarin ba na nasara kaɗai ba ne. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin Boeing 707 da ke ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi haɗari yayin sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A lokacin shi ne haɗarin jirgi mafi muni da duniya ta taɓa gani. Ranar 4 ga Mayun 2002 kuma jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Har yanzu akwai iyalai a Kano da waɗannan ranaku ba su bar zukatansu ba.

Me ya hana?

Kano ba baƙuwar talabijin ba ce. Arewa ta samu tasharta ta farko a Kaduna a 1962. A Kano akwai NTA, akwai CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV. Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayon da suka yi aiki da waɗannan tashoshi ne aka samu Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka mafarin Kannywood. A 2014 Arewa24 ta zo, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina suka koya wa jama'a zaman jiran kashi na gaba.

Fim ɗin tarihi ma ba sabo ba ne. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. A 2024, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura da harshen Hausa, shi Najeriya ta tura gasar Oscar.

Babbar matsalar kuɗi ce. Furodusan da ke ɗora shiri a YouTube yana rayuwa ne da yawan masu kallo da ɗan tallan da ya samu, kuma dole ya fitar da sabon kashi kowane mako. Labarin soyayya da rikicin gida falo biyu da mota ɗaya sun ishe shi. Labarin 1925 kuwa yana buƙatar tufafin zamanin, da dawakai, da ɗaruruwan mutane, da fili marar falwaya da rufin kwano, da jirgin da sai an ƙera kwaikwayonsa ko an zana shi a kwamfuta.

Matsala ta biyu ita ce bincike. Rahotannin Razdan da wasiƙun En'e suna ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, wasu kuma suna Landan, kusan duk da Turanci. Faifan bidiyon da yawa mallakar kamfanonin Birtaniya ne, sai an biya kafin a yi amfani da su a shirin kasuwanci. Marubucin fim da ke fafutukar cika kashi 13 ba shi da lokacin zaman wata guda a cikin tsofaffin fayil.

Sai dai an ga yadda haɗin gwiwa ke sauƙaƙa abin. Fim ɗin Eagle Wings na 2021, wanda Yakubu Mohammed ya fito a ciki, an yi shi ne da tallafin rundunar sojin saman Najeriya, wadda ta ba da jirage da sansanoni. Hukumomin sufurin sama da kamfanonin jiragen da ke da hedikwata a Kano da Katsina suna da irin wannan dama, kuma tarihin nasu ne.

Ba kuma dole sai an fara da babban fim ba. Shirin tarihi na minti 30 da ya haɗa tsofaffin hotuna da taswira da hira da masana daga Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano bai fi ƙarfin tasha ko matasan da ke da kyamara da kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba. A wayar hannu ma za a kalle shi, kamar yadda ake kallon sauran.

Tarkon da ke gaban duk wanda zai yi

Akwai kurakurai biyu da ke jiran mai wannan aiki. Na farko shi ne ya kwafi salon Turawa, ya mayar da Coningham gwarzo, Kanawa kuma 'yan kallo masu gudu da ihu, ya manta cewa jirgin yaƙi ne na mai mulkin mallaka. Na biyu shi ne ya ƙirƙiro abin da bai faru ba don a ji daɗi, ya sa wa sarki ko malami maganar da babu inda aka rubuta ta, bayan shekara goma ta zama abin da yara ke rantsuwa a kai. Wasan kwaikwayo yana da damar ƙirƙirar manomi ko makanike da zai ɗauki labarin, amma ranaku da sunaye da dalilai amana ce.

Lokaci kuma ba ya jira. Waɗanda suka ga saukar 1925 da hankalinsu sun riga mu gidan gaskiya. Amma waɗanda suka yi aiki a filin jirgin Kano a shekarun 1950 da 1960, masu ɗaukar kaya da masu ba jirgi mai da masu kashe gobara da ma'aikatan hasashen yanayi, da alhazan da suka fara zuwa Makka ta sama, wasunsu suna raye a Fagge da Kurna da Birged da cikin birni, sun haura shekara 80. Suna da hotuna a cikin adaka, suna da tsofaffin fasfo da katin aiki, suna kuma da labarin da babu shi a kowane fayil na Kaduna ko Landan.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ɗaukar muryoyinsu ba ya buƙatar jirgi ko dawakai, waya mai kyamara da makirfo da haƙurin zama sun wadatar. Babban shirin zai iya jira har a samu mai zuba kuɗi. Hirar da dattawan ce ba za ta jira ba.